Goɗiya da ƴar wasa: ɗan tsokaci kan Zalika Souley da fim ɗin *Al'lèèssi*

A wannan ɗan rubutu muna so mu duba tambaya guda da fim ɗin Rahmatou Keïta, *Al'lèèssi... une actrice africaine* (2004), ya tayar ba tare da ya warware ta ba: me ya sa ƴan kallo suka ɗora wa Zalika Souley laifin matan da ta kwaikwaya?

An haifi Zalika a Yamai a 1947. Ta soma fitowa a 1966 cikin *Le Retour d'un aventurier* na Moustapha Alassane, labarin samarin ƙauye da suka sa tufafin kaboyi na Amurka suka hau dawaki. Daga baya ta yi aiki da Oumarou Ganda a *Cabascabo*, *Le Wazzou polygame* da *Saïtane*. *Wazzou* ne ya fara cin kyautar Étalon de Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu, a 1972. Kusan kullum rawa iri ɗaya ake ba ta: macen bariki, ko kishiyar da kishi ya kai ga kisan kai, ko matar aure mai cin amana. Sakamakon shi ne zagi a kan titi da ɓacin suna. Bayan rasuwar Ganda a 1981 silimar Nijar ta yi ta ja da baya. Keïta ta same ta cikin talauci a Yamai, kuma fim ɗin ya ƙare da labarin tafiyarta ƙasar waje aikatau. Ta rasu a 2021.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce ƴan kallon wancan lokaci ba su san bambancin mutum da rawar da yake takawa ba. Ba mu yarda da wannan ba, kuma hujjarmu daga ƙasar Arewa take, wato yankin Dogondutsi da Tibiri. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin wasan bori a Kore Mairuwa ya san jama'a na rarrabe goɗiya da iskar da ta hau ta. Mace za ta yi ashar, ta tsawata wa dattijo sa'an ubanta, gari ya waye su gaisa lafiya lau. Ba wanda zai kai ta ƙara, domin ba ita ta yi magana ba.

Nahawun zancen ma yana nuna haka. A bori cewa ake «Doguwa ta hau ta»: iska ce aikau (*sujet*), macen kuwa karɓau (*objet*). Mai fitowa daga ɗakin silima kuma cewa zai yi «Zalika ta kashe yarinya». Nan ƴar wasan ce aikau, sunan rawar ya ɓace. Hausa tana da hanyar raba su, wato «ta fito a kishiya», amma a kunnenmu wannan gini ya fi zama a bakin waɗanda suka saba da wasannin rediyo da talabijin, irin na Yazi Dogo, sannan da finafinan Kano.

Ban da nahawu, bori yana da ƙofar shiga da ta fita. Goge da ƙwarya da kirari su ne ke kiran iska, a canza wa goɗiya tufafi a gaban kowa, atishawa kuma ta nuna iskar ta sauka. Silima ba ta nuna ko ɗaya. Ƴan kallo sun ga fuskar ƴar unguwarsu, da zanen da take ɗaurawa kullum, tana magana da Zabarmancin da suke ji a kasuwa, ba su ga lokacin da rawar ta hau ta ba balle lokacin da ta sauka. Ganda kansa ya sami wata kariya a *Moi, un noir* na Jean Rouch (1958), inda ya ari sunan Edward G. Robinson, macen fim ɗin kuma ta ari na Dorothy Lamour. Sunan baƙo yana aiki kamar rigar iska. Finafinan Ganda na Zabarmanci, saboda kusancinsu da rayuwar yau da kullum, sun tuɓe wa Zalika wannan riga.

Akwai abin da za a iya ƙalubalantarmu da shi, kuma yana da ƙarfi. Matan bori su ma ba su tsira daga tsegumi ba, an daɗe ana haɗa su da zaman kai. Ke nan alamomin da muka ambata suna wanke mace daga abin da ta faɗa a fili, ba sa wanke ta daga laifin fitowa filin. Wannan kashi na biyu Keïta ta nuna shi da kyau, don ta bar Zalika ta ba da labarinta da bakinta ba tare da an matsa mata ta yi kuka ba. Inda fim ɗin ya gaza, a ganinmu, shi ne wajen ƴan kallo: mun ji an zage ta, amma ba a tsaya kan kalmomin zagin ba, ba a kuma nuna ko da sunanta ake jifarta ko da sunan rawar. Da yawa daga cikin waɗanda suka kalli *Wazzou* a farkon fitowarsa sun haura shekara saba'in yanzu, kuma ɗalibin da ke neman batun kundi zai iya ɗaukar muryarsu, da Zabarmanci da Hausa.