Wankan Jego da Tsoron Sanyi

A gidan da aka yi haihuwa, tun kafin assalatu ake hura wuta. Rabin duro na kan murhu, ruwa na ɓararraka, an tsoma rassan darbejiya ko runhu a ciki. Mai jego ta zauna a kan 'yar kujera a bayan ɗaki, tsohuwa ta tsamo ganyen ta riƙa fyaɗa mata a gadon baya da ciki da cinyoyi, tururi ya turnuƙe har ba a ganin fuskarta. Da la'asar a maimaita. Haka za a yi ta yi har arba'in, mai haihuwar fari ma takan zarce.

Tushen wannan al'ada tsoron sanyi ne. A wurin iyayenmu mata, wadda ta haihu ɗanyen jiki gare ta, in ba a gasa ta ba sanyi zai shige ta, ta kumbura, ko cikinta ya ruɓe. Shi ya sa komai na jego mai zafi ne: kunun kanwa, yaji, ƙauri, har da gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi a wasu ƙauyuka.

Masu kushe wankan sukan manta da abin da ke ƙunshe cikinsa. Macen ƙauye da ke surfe da daka da ɗibar ruwa har ranar da naƙuda ta kama ta, ba ta da wani hutu a duniya sai jego. A kwanakin nan ne dole miji ya nemo itace da nama, ko da bashi ne. Kuma sau biyu kullum akwai babbar mace da ke kallon jikinta tun daga kai har ƙafa, abin da ɗakin shan magani na ƙauyen bai taɓa yi mata ba.

Likitoci sun fara sa wa wankan ido ne a Zariya. A shekarun 1970, Davidson da Parry na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun lura da yawan masu jego da ake kawowa suna haki, ƙafafu a kumbure, zuciya ta gaza. Suka ɗora alhakin a kan kanwa, wadda ke riƙe ruwa a jiki kamar gishiri, da kuma zafin da ke ƙara wa zuciya aiki. Shekara da shekaru wannan bayani ake maimaitawa, har ya zama kamar karatun allo. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka sake bin sawun cutar. Abin da ya fi fitowa fili a bincikensu shi ne rama, rashin karatu, rashin sana'a, hawan jinin masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, wanda tun kafin nan aka gano a matan Yamai masu irin wannan ciwo. Wato dai an daɗe ana dukan taiki an bar jaki. Zargin tukunyar tsohuwa ya fi sauƙi a kan tambayar me yarinyar ta ci cikin wata tara.

Duk da haka ban wanke al'adar sarai ba. Laifinta mafi girma a wurina fassarar da take yi wa kumburi ne. Mai jego ta wayi gari ƙafarta ta hau, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da bango, tana tari cikin dare. Sai a ce ai sanyi ne, wanka bai kama ta ba. A ƙara itace, a ƙara kanwa a kunu. Kafin a yarda a nemo babur ko a-kori-kura zuwa asibitin gari, an ɓata mako biyu, ga damina ta cinye hanya.

Ce wa kaka ta sauke tukunya ɓata baki ne. Za ta amsa da "to, likita", gobe da asuba ta hura wutarta. Amma wannan hannun da ke riƙe da ganye yana iya koyon danna babban yatsa a ƙwaurin mai jego kafin a fara wanka. In wurin ya lotsa bai taso ba, ranar a bar ruwan ya huce, a aika yaro ya kira mai babur.