Motar Kara da Littafi: Nazari kan Karatu da Aikin Hannu a Firamaren Illela

Illela gari ne na manyan motoci. Nan hanyar da ta taso daga Sakkwato take kaiwa bakin iyaka, daga can sai Birnin Konni ta Jamhuriyar Nijar. Ranar Lahadi kasuwa ke ci, ana lodin shanu da albasa da hatsi. Bayan kaka, idan kara ya wadata, yaran garin kan ƙera abin da suka gani a tasha: motar kara, motar waya, motar gwangwani. Wannan tsohuwar al'ada ta yaran Hausawa ita ya kamata a fara dubawa yanzu da ake maganar haɗa karatu da ƙere-ƙere a ɗakunan karatu na firamare.

A zauna kusa da yaro yana wannan aiki. Zai fere ɓawon kara siri-siri ya zama tsinke, ya yanka totuwa daidai wa daida, ya riƙa soka wannan cikin wancan har jikin mota ya tashi. Tayoyi kuwa daga sakaina ko tsohon silifas zai yanko su. In taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta, motar ta karkace, sai ya cire ya rage mata. Akwai awo a nan, akwai gwaji, akwai gyara bayan kuskure, kuma waɗannan su ne ginshiƙan aikin injiniya ko'ina a duniya.

Amma al'adar tana da iyaka, kuma son da muke mata bai kamata ya hana mu faɗa ba. Motar kara kwaikwayo ce. Yaron ya kama siffa, bai kama dalili ba. Tambaye shi me ke sa motar da aka yi wa lodi har sama ta kife a kwana, zai ce nauyi ne, ya tsaya nan. Kuma da yake ba a rubuta komai, kowane zubi na yara daga farko yake somawa. Motar da kaka ya yi ita jika yake yi.

Makaranta ce ya kamata ta cike wannan giɓi, kuma da farko ta nufi yin haka. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'a. Daga baya Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah, suka bayyana halittu da al'amuran duniya cikin Hausar da ɗan firamare zai gane. Sai dai darasin aikin hannu ya lalace a makarantu da yawa har ya koma "kowa ya kawo tsintsiya", wani wuri ma kuɗi ake karɓa a ba da maki. Darasin kimiyya da fasaha ya zama kwafe allo. Littattafai kuma, inda aka samu, sau da yawa suna cikin kwali a ofishin hedimasta don kada su yage.

Shirin NEI Plus, wanda hukumar USAID ta Amurka ta tallafa a Sakkwato da Bauchi daga 2015, ya kawo littattafan Mu Karanta ga 'yan aji ɗaya zuwa uku. Wannan ya taimaka wajen haɗa baƙi da wasali. Tambayar da ta rage ita ce: yaron da ya iya karatu, me zai karanta, kuma me zai yi da shi?

Labarin William Kamkwamba na Malawi ya ba da amsa. Yunwar 2001 zuwa 2002 ta fitar da shi daga makaranta saboda rashin kuɗi. Sai ya riƙa zuwa ɗan ƙaramin ɗakin karatu na firamaren Wimbe, inda ya ga hoton injin iska a littafin Using Energy. Turancinsa bai da ƙarfi, don haka zane-zanen ya bi. Da tsohon keke da fankar tarakta da bututun roba ya haɗa injin da ya ba gidansu wuta, yana ɗan shekara 14. Da ma ya saba kwance rediyo. Hannun yana nan tun tuni, littafin ne ya nuna masa abin da bai taɓa gani a ƙauyensu ba, don haka ya wuce kwaikwayo.

A gida ma muna da misali. Malam Muhammad Bah Abba, wanda ya yi koyarwa a Jigawa kuma ya fito daga gidan maginan tukwane, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ƙaramar tukunya a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, danshin tsumma a bisa. Yayin da ruwan ke tsattsafowa yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki, tumatir da tattasai su daɗe ba su lalace ba. Dabarar ta fi aiki inda iska ta bushe, kamar Illela a lokacin hunturu da bazara.

Wannan ya isa darasin mako guda. A raba wa yara takarda mai bayanin aikin da Hausa, su karanta da kansu. Rukuni ɗaya ya jiƙa yashi, ɗaya ya bar nasa busasshe, ɗaya ya ajiye tumatir a faranti. Kullum su duba, su rubuta abin da suka gani. Wanda ya tsallake layin da ya ce a ƙara ruwa safe da yamma, tukunyarsa ce za ta tona shi. Ran da wani ya ce, "Malam, don me tamu ba ta yi sanyi ba?" sai a ce ya koma ga takarda. A nan karatu ya tashi daga hadda ya zama abin da ake dogaro da shi.

Tsarin yana da haɗari biyu. Na farko, wasa na iya cinye karatu: yara su yi ta manna kwali, a ɗauki hoto, babu wanda ya buɗe littafi. Maganinsa shi ne kowane aiki ya fara da karatu ya ƙare da rubutu. Na biyu, a ɗauka sai da kayan da aka sayo daga waje. Ranar da batiri ya mutu ko guntu ya ɓace, darasi ya tsaya. Kara da yumɓu da waya da gwangwani ba sa yankewa a Illela, maƙera da magina da kanikawa kuma suna bakin kasuwa, ana iya gayyato su aji.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne rubutun kansa. Muna da littattafan hira da na tatsuniya, amma na "ga yadda ake yi, ga dalili" da Hausa ba su da yawa. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta daɗe tana aiki kan murhu da na'urar busar da amfanin gona masu aiki da hasken rana. Idan masananta suka zauna da marubuta da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, suka fitar da ƙananan littattafai masu zane, za su yi amfani a Illela, su yi a Konni, tunda Hausa ɗaya ake ji. Wannan aiki na marubutan Hausa ne, kuma su ya kamata a fara tambaya.