Faci da Mai Dubansa: Sharhi a Kan Al'adar Gyaran Rubutun Linux

Kalmar "faci" ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Duk wanda ya taɓa tura keke zuwa gindin bishiyar mai faci ya san ma'anarta, watau a nemo inda iska take fita, a kankare wurin, a liƙa ɗan ƙyallen roba, sa'an nan a tsoma cikin ruwa a ga ko ya kama. To, da wannan kalmar ce masu rubuta manhajar Linux suke kiran kowane gyara da wani ya kawo. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi facin nan a matsayinsa na rubutu mai ƙa'idoji, ta kuma auna al'adar dubawa da ta ginu a kansa, domin a ganina an cika yabon ta a inda ba ta cancanta ba, an kuma yi shiru a kan inda ta fi cancanta.

Linux ita ce zuciyar manhajar da take sarrafa na'ura, mai raba aiki tsakanin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ma'ajiyarta da sauran sassanta. Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, da layukan umarni wajen 10,000. A farkon 2025 layukan sun kai miliyan 40. Wayar Android da take aljihun mai karatu a kanta take tafiya, saboda haka zancen bai yi mana nisa ba. Kowane mako tara ko goma ake fitar da sabon zubi. Makonni biyu na farko ƙofa a buɗe take, Torvalds yana karɓar sababbin ayyuka daga masu kula da sassa. Daga nan sai a rufe, a shiga fitar da zubin gwaji mako-mako, galibi har sau bakwai, ba a karɓar kome sai gyaran kuskure. A zubi guda akan sami faci fiye da 10,000 daga hannun mutum kusan 2,000.

Abin da ya fi jan hankalin manazarcin harshe shi ne, faci ba umarnin na'ura kaɗai ba ne. A samansa akwai bayani da aka rubuta domin mutum, kuma sau da yawa bayanin yakan fi gyaran tsawo. Ana iya canza layi biyu a rubuta sakin layi huɗu a kansu. Ƙa'ida ta ce a fara da kan magana na layi ɗaya, gajere, mai ambaton sashen da aka taɓa. Sa'an nan a faɗi matsalar, da yadda take shafar mai amfani da na'ura, kafin a zo kan magani. Ba a son marubuci ya tsaya kwatanta abin da umarnin yake yi, gama mai dubawa yana da ido. Dalili ake nema. An kuma so a yi rubutun da sigar umarni, kamar a ce "gyara kaza", "cire kaza", ba "na gyara" ko "na cire" ba. Bahaushen da ya saba da cewa yaro ba ya buɗe baki ga babba da umarni zai ji wannan wani iri, amma in an lura, ba mutum ake umarta ba, rubutun ake umarta ya canza hali. Da haka sai marubucin ya fita daga cikin jimlarsa, aikin ya rage shi kaɗai.

Akwai wata ƙa'ida da nake ganin ta fi duk sauran hikima: faci ɗaya, manufa ɗaya, kuma kowane faci lalle ya bar manhajar tana aiki. Dalilin ba ƙawa ba ne. Idan na'urar wani ta daina aiki bayan sabon zubi, akan raba jerin faci-facin gida biyu, a gwada na tsakiya, a jefar da rabin da ba shi da laifi, a sake rabawa. Cikin gwaji 14 ana iya kama mai laifi daga cikin 10,000. Amma wannan dabara ba ta yiwuwa in mutum ya cakuɗa gyara uku a ƙunshi ɗaya. Git, manhajar da Torvalds ya rubuta a watan Afrilu na 2005 bayan an janye musu izinin amfani da BitKeeper kyauta, ita take adana kowane faci tare da bayaninsa. Wanda ya zo bayan shekara 15 yana iya ɗora yatsa a kan layi guda ya tambayi wanda ya rubuta shi da dalilinsa, ya kuma sami amsa. Ma'aikatu nawa ne za su iya haka da fayilolinsu na bara?

A ƙasan bayanin sai jerin sa-hannu. Wannan ya samo asali ne a 2004, lokacin da kamfanin SCO, wanda ya kai IBM ƙara a 2003, yake da'awar an kwashi rubutunsa an zuba cikin Linux. Sai aka ce kowa ya sa sunansa, yana shaida cewa yana da haƙƙin bayar da abin da ya kawo, kuma duk wanda facin ya bi ta hannunsa ya ƙara nasa. Wanda ya san yadda malamai suke jera sunayen waɗanda suka karɓi littafi daga gare su zai gane siffar nan take. Sai dai kada siffa ta ruɗe mu. Sa-hannun yana nuna hanyar da rubutu ya biyo ne, ba ya nuna ingancinsa. Akwai wasu layukan dabam na "na duba", "na gwada", "na amince", kuma shi kansa mai cewa ya duba, ƙa'idarsu ta fayyace cewa bai ɗauki lamunin kome ba, ra'ayinsa kurum ya bayar.

A nan ne zan saɓa wa masu yabo. Tun 1997 Eric Raymond ya yaɗa ra'ayin cewa buɗe rubutu ga kowa yana sa a kama kuskure da wuri, saboda yawan masu kallo. Maganar tana da daɗin ji, amma ikon dubawa dabam, dubawa dabam. A watan Oktoba na 2016 aka toshe wata ɓaraka da aka yi wa laƙabi da Dirty COW, wadda take bai wa ƙaramin mai amfani damar ƙwace ikon na'ura duka. A bayanin facin, Torvalds da kansa ya faɗa cewa ya taɓa ƙoƙarin gyara ta shekara 11 kafin nan, gyaran bai yi kyau ba, aka warware shi domin ya kawo matsala ga wani nau'in manyan kwamfutocin IBM. Wannan faɗin gaskiya abin yabo ne ga al'adar bayani, abin zargi ne kuma ga tatsuniyar yawan idanu: rubutun yana fili duk tsawon shekarun, a sashen da ya fi kowane muhimmanci.

Gaskiyar magana, marubuta sun yi wa masu dubawa yawa. Kamfani yakan biya ma'aikacinsa ya shigar da abin da na'urar kamfanin take bukata, amma kaɗan ne suke biyan mutum ya zauna yana karanta aikin wasu, alhali karatun ya fi rubutun wuya. Torvalds ya koka a 2020 cewa samun masu kula da sassa yana da wahala, kuma a 2023 Darrick Wong ya sauka daga kula da sashen XFS yana mai cewa aikin ya gajiyar da shi. Inda hannu ya yi kaɗan, amana ce take cike giɓin. Wasu masu bincike daga Jami'ar Minnesota sun taɓa wannan jijiyar a 2020, da suka aika faci masu ɓoyayyen aibi da sunayen ƙarya don su ga ko za a gane. Da abin ya tashi a watan Afrilu na 2021, Greg Kroah-Hartman ya dakatar da karɓar aiki daga jami'ar, aka sake duba faci 435 da suka fito daga can. 349 lafiyarsu ƙalau, 39 suna bukatar gyara. Ban ga uzurin masu binciken ba, don sun yi gwaji a kan mutane ba da saninsu ba, suka kuma cinye lokacin da dama bai wadata ba. Amma a dubi 39 ɗin nan. Ba na mugunta ba ne, kurakurai ne irin na yau da kullum, kuma duk sun wuce ta gaban mai dubawa a karon farko.

Saura harshen mai dubawa. An daɗe ana sanin Torvalds da kaifin baki. A ƙarshen 2012 wani faci ya lalata wata manhajar sauti da mutane suke amfani da ita, mai kula da sashen ya nemi ɗora laifin a kan manhajar, Torvalds kuwa ya yi masa wankin babban bargo a bainar jama'a. A kan ƙa'ida yana da gaskiya, domin dokarsu mafi tsanani ita ce kada sabon gyara ya karya abin da yake yi wa mutane aiki jiya. A kan lafazi kuwa ba shi da ita, kuma shi ma ya yarda da haka a watan Satumba na 2018, lokacin da ya nemi gafara, ya ja gefe na wajen wata guda, aka kuma shigo da sabuwar ƙa'idar ɗa'a. Masu kare tsohon salo sukan ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Haka ne, amma ga wanda ya riga ya sami wurin zama a kasuwar. Baƙon da ya kawo facinsa na farko ba shi da ma'aunin da zai bambance tsawa a kan aiki da kora.

Duk da haka ban ɗauki zagi a matsayin babban abin da yake korar baƙo ba. Shiru ya fi shi. Faci yakan tafi ta wasiƙar imel, ba a ce masa e ba, ba a ce a'a ba, domin mai kula da sashen yana da ɗaruruwa a gabansa. Shawarar da ake bayarwa ita ce a jira aƙalla mako guda kafin a yi tuni. Kuma duk muhawarar da Ingilishi ake yin ta. An fassara wani ɓangare na littattafan ƙa'idojin zuwa harsunan Sin da Japan da Koriya da Italiya da Sifen, amma fassarar tana koya wa mutum doka ne kawai. Ranar da mai dubawa ya ce masa dalilinsa bai gamsar ba, da Ingilishi zai tsaya ya kare shi, a zubi na biyu da na uku, wani lokaci har na goma, kowanne da ɗan bayanin abin da ya canza tun na baya.