Kwana Biyar a Fulorens: Anya Gani Ya Kori Ji?

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma da wannan karin magana wata makarantar kuɗi da na koyar a cikinta bayan kammala digirina ta shawo kan iyaye har suka biya kuɗin kai 'ya'yansu birnin Fulorens na ƙasar Italiya, domin su ga zane-zane da sassaƙe-sassaƙen da suke karantawa a aji. An haɗa ni da malamar zane in taimaka wajen kula da samarin. Na tafi ina mai imani da karin maganar, na dawo ina tuhumarta, domin na ga yara sun tsaya gaban abin da duniya ke tururuwar gani, idanunsu a buɗe, amma ba su ga komai ba sai abin da aka ce su rubuta.

Irin wannan tafiya tana da asali. A ƙarni na 17 da na 18, masu sarauta da dukiya a Ingila kan tura 'ya'yansu maza yawon Faransa da Italiya tare da malami mai kula da su, su shafe watanni, wani lokaci shekaru, bayan sun riga sun karanci Latin da tarihin Rum. Makarantun yau sun gaji sunayen biranen da jerin wuraren da ake zuwa, suka bar lokacin da shirin a baya. Mu kwana biyar aka ba mu, kuma jadawalin da kamfanin tafiye-tafiyen ya tsara ya cusa gidajen tarihi da majami'u da gadoji da kasuwar fata a ciki, tamkar mai ɗura hatsi a buhun da ya riga ya cika.

Sa'a biyu muka samu a gidan tarihi na Uffizi. Ginin nan Giorgio Vasari ya fara shi a 1560 domin ya zama ofisoshin gwamnatin Cosimo na gidan Medici, abin da sunan ke nufi ke nan, kuma tarin kayan da ke ciki ya tsira a birnin ne saboda yarjejeniyar da Anna Maria Luisa, ta ƙarshe a zuriyar, ta ƙulla a 1737 cewa ba za a fitar da su daga Fulorens ba. Wannan labari ne na mulki da kuɗi da gado, irin wanda ɗan Bahaushe zai gane nan take. Ba a ba su shi ba. An dai raba musu takardar tambayoyi: sunan mai zane, shekarar da aka yi, irin fentin da aka yi amfani da shi. Duk amsoshin suna rubuce a ƙaramin allon da ke gefen kowane zane, don haka yaran suka koyi dabara cikin minti goma: a karanta allo, a cike gurbi, a ɗauki hoto, a wuce. Na ƙirga da idona yaran da suka kwafi sunan Botticelli ba tare da sun ɗaga kai sun dubi aikinsa ba. Marubucin Faransa Stendhal ya ba da labarin yadda jiri ya ɗebe shi a wannan birni a 1817 saboda tsananin kyan abin da ya gani. Namu yaran ma jiri ya ɗebe su, amma na yunwa da ciwon ƙafa.

Babban aibin tafiyar ya bayyana ne a rana ta uku, a gidan tarihi na Accademia, gaban mutum-mutumin da Michelangelo ya sassaƙa daga 1501 zuwa 1504. Dutsen marmara ne guda, tsayinsa ya haura mita biyar, siffar saurayi tsirara da majajjawa a kafaɗa. Mai yi mana jagora ta kira shi David, yaran suka rubuta. Sai wani yaro mai natsuwa ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, wai wannan Annabi Dauda suke nufi?" Na ce masa e, wanda ya kashe Jaluta. Maganar ta zagaya cikinsu kamar wutar daji. Wasu suka juya baya, 'yan matan suka sunkuyar da kai, biyu suka fita waje, wasu kuma suka ɓuya a bayan dariya.

Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba. Yaron da ya tashi a gidan da ba a zana annabawa, wanda a harshensa kalma mafi kusa da abin da ke gabansa ita ce gunki, an kawo shi gaban siffar annabi babu sutura ba tare da an yi masa bayanin komai a gida ba, sannan ana jira ya ce madalla. Alhali akwai abin faɗa mai yawa. Ana iya gaya masa cewa mutanen Fulorens sun kori gidan Medici a 1494, kuma sun kafa wannan sassaƙa a ƙofar fadar gwamnatinsu a 1504 a matsayin alamar ƙaramar jamhuriya da ke tsaye gaban manyan maƙiya. Ana iya nuna masa cewa an girmama kai da hannun dama fiye da ƙima, kuma da farko an yi niyyar ɗora aikin can sama a jikin babbar majami'ar birnin, inda za a hange shi daga ƙasa. Ana iya cewa mai sassaƙar yana da shekara 26 lokacin da ya karɓi dutsen da wasu suka fara suka yasar shekaru da dama kafin nan. Bayan duk wannan, yaron yana da 'yancin ya ce har yanzu bai yarda a siffanta annabi ba, kuma wannan matsayi ne na mai hankali da ya san abin da yake ƙi. Abin da aka yi masa shi ne an hana shi fahimta, an kuma kunyata shi a bainar jama'a. Kada a ɗauka matsalar tamu ce mu kaɗai: a 2023 shugabar wata makaranta a jihar Florida ta Amurka ta rasa kujerarta bayan iyaye sun yi ƙorafin an nuna wa 'ya'yansu hoton wannan sassaƙa ba tare da an sanar da su ba.

Minti goma sha biyar kacal na tafiyar nan zan iya kira darasi, kuma ba ya cikin jadawali. A Uffizi, muna sauri zuwa ɗakin Botticelli, wata ɗaliba ta tsaya cak gaban zanen Gentile da Fabriano na 1423, wanda ke nuna sarakunan gabas sun zo gaishe da jariri Annabi Isa da mahaifiyarsa. Ta nuna da'irar zinariya da ke kewaye da kan Nana Maryamu ta ce, "Malam, wannan ai Larabci ne, amma ya ƙi karantuwa." Gaskiyarta. Haruffan sun yi kama da na Larabci, an raba su da 'yan furanni kamar yadda ake yi a farantan tagulla na Masar da Sham a zamanin Mamluk, amma mai zanen kwaikwayon siffarsu ya yi, bai san karatunsu ba. Attajiran Fulorens suna sayen yadudduka da kwanukan ƙasashen Musulmi, suna ganin rubutun da ke jikinsu alamar daraja ce, kuma shekara guda kafin a gama zanen birnin ya aika jakadu Alƙahira neman yarjejeniyar ciniki. Yara shida suka taru suna gardama kan ko wancan harafi lam ne ko alif. A karo na farko suka matsa kusa da zane har mai gadi ya ɗaga musu hannu. Abin da suka koya a makarantar allo, wanda babu wanda ya lissafa shi cikin shirin tafiyar, shi ya ba su ido a ɗakin da Turawa da yawa ke wucewa ba su lura ba.

Daga nan na gane inda tsarin ya karkace. An ɗauki ɗaliban a matsayin ƙwarya wofi da za a je Turai a cika, ba a tambayi abin da suka zo da shi ba. Mun hau matakala 463 zuwa saman ƙubbar da Brunelleschi ya gina tsakanin 1420 da 1436, aka yi ta jinjina yadda ya rufe sarari mai faɗi haka ba tare da katakon tallafi daga ƙasa ba. Tambaya ce da maginan ƙasar Hausa suka amsa da tasu hikimar, da azara da ƙasa, a bakan gizo da tulluwa irin na Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Da na tambaya a saman ƙubbar, babu ko ɗaya cikin yaran da ya taɓa shiga masallacin, kuma uku ne kawai suka taɓa leƙa Gidan Makama a Kano. Wanda bai taɓa ɗaga kai ya tambayi abin da ke riƙe da rufin soron kakansa ba, da wace tambaya zai tunkari Brunelleschi?

Ba ina kiran a daina tafiyar ba ne, ko da yake kuɗin da aka kashe wa yaro guda zai iya kai aji sukutum Zariya da Kano har a yi canji, kuma ya kamata a riƙa faɗin haka a fili. Akwai abin da hoto a waya ba zai bayar ba: girman dutse, kaurin fenti, yadda zinariyar Gentile ke canza haske idan mutum ya gusa taku ɗaya. Da ni ke tsarawa, da na zaɓi ayyuka biyar ko shida, a shafe zango guda ana nazarinsu a gida tare da sanin iyaye, a tattauna batun siffanta annabawa da tsiraici kafin a nemi biza, sannan a ba kowane aiki rabin sa'a da fensir da takarda fara, babu gurbin cikewa.

Da muka dawo, makarantar ta buga hotunan yaran a kan gadar Ponte Vecchio cikin mujallarta ta ƙarshen shekara, kowa ya sami maki mai kyau a takardar tambayoyinsa. Ɗalibar nan ce kaɗai aka rage wa maki, domin ta bar shafi biyu babu amsa. A bayan takardar ta kwafi haruffan da'irar Nana Maryamu layi uku, ta sa alamar tambaya a ƙarƙashin waɗanda ta kasa rarrabewa.