Son Jaruma Ba Mallakarta Ba Ne

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta zaunar da mutane a gida, babu sunan da ya kai na Sumayya yawo a bakin mata a nan Rurum Sabon Gari. A bakin rijiya zancenta ake yi, a gidan suna ita ce, a shagon mai cajin waya inda ake tura fim a memori ma ita ce. Shirin Labarina na Malam Aminu Saira ya shigo da ƙarfinsa a tashar Arewa24 da YouTube, kuma Nafisat Abdullahi ta hau matsayin Sumayya ta zauna daram, har wasu suka manta da sunanta na yanka. A lokacin ne wata 'yar yayana da ƙawayenta suka buɗe zauren masoyan Nafisa a WhatsApp, suka naɗa shugaba da ma'aji. Na ga tashin wannan zaure, na ga rikicinsa, shi ya sa nake son in faɗi ra'ayina a kan ƙungiyoyin masoyan jarumai mata da suka cika ƙasar Hausa.

Abin ba yau ya fara ba. Kafin a san fim ɗin Hausa, iyayenmu sun yi ƙungiyoyin zaɓi sonka. Mutum ya sayi kati, ya rubuta sunayen 'yan'uwa da abokai, ya aika gidan Rediyon Kaduna a gaishe su ta iska. Daga gaisuwar nan sai a san juna, a riƙa kai ziyara gari zuwa gari, a halarci biki, a je ta'aziyya. Son shiri ne ya haɗa su, amma zumunci ne ya riƙe su. Da 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa suka fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, kasuwar kaset ta buɗe a Ƙofar Wambai, sai soyayyar ta koma kan fuskokin da ake gani. Mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji da mujallar Fim ta Ibrahim Sheme, wadda ta fara fitowa a 1999, su ne suka zama dandalin masoya. Budurwa ta zauna ta rubuta wasiƙa da hannunta, ta jira fitowar wata mai zuwa. Hoton Fati Muhammad ta fim ɗin Sangaya ya shiga ɗakunan amare a kalanda. Ranar da jaruma Balaraba Muhammad ta rasu a hatsarin mota a 2003, a hanyar kai ta gidan miji, mutanen da ba su taɓa ganinta ido da ido ba sun zubar da hawaye, sun yi mata addu'a kamar 'yar gidansu.

Abin da ya sauya lissafi shi ne fim mai dogon zango. Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in, sannan Izzar So na Lawan Ahmad ya mamaye YouTube. Fim ɗin kaset awa biyu ne ko uku, a gama a tashi. Shi kuwa mai dogon zango, duk mako jarumar tana shigowa tsakar gidanki, shekara da shekaru. Kin ga kukanta, kin ga zawarcinta, kin ga an zalunce ta. A hankali sai zuciya ta ɗauke ta a matsayin 'yar'uwa. Wannan ba laifi ba ne, shaida ce ta cewa ta iya aikinta. Matsalar tana farawa ne daga ranar da masoyi ya fara jin cewa yana da iko da ita.

Mun ga haka ƙarara lokacin da Nafisa ta sanar da cewa ta bar Labarina saboda harkokin da ke gabanta, aka bai wa Fati Washa matsayin Sumayya. Zauren 'yar yayana ya dare gida biyu. Wasu suka ce Nafisa ta ci amanarsu, kamar da su ta ƙulla yarjejeniyar aiki. Wasu suka juya kan Fati Washa da baƙaƙen maganganu, alhali aiki aka ba ta ta karɓa. Ƙawaye biyu da suka tashi a layi ɗaya, suka yi makarantar allo ɗaya, sai da suka yi makonni ba sa ga maciji a kan matan da ba su san da zamansu ba. Wannan abu ya yi mini ciwo ƙwarai.

A nan nake tsayawa in ce: jaruma ma'aikaciya ce. Tana da iyaye, tana da karatu, tana da kasuwanci, tana da ranar da za ta ce ta gaji. Sumayya ta marubuci da darakta ce, Nafisa kuwa ta kanta ce da danginta. Wanda ya kasa raba waɗannan biyun, shi ne za ka gani yana bin diddigin wa za ta aura, me ta sa, ina ta je. Kuma abin takaici, mata ne suka fi shan wannan azaba. Bakin da ya kira ta sarauniya da safe, shi ne zai jefe ta da kalmar da ba ta faɗuwa da yamma. Addininmu ya hana bin diddigin sirrin mutane, ya hana gulma da ƙazafi, bai kuma cire 'yar fim daga wannan kariya ba. In ta yi kuskure a fili, akwai nasiha cikin ladabi, akwai kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN da aka ɗora wa alhakin ladabtarwa.

Ba ina cewa a rushe ƙungiyoyin nan ba ne. Na ga alherinsu da idona. A zauren nan ne aka haɗa kuɗin magani da ɗaya daga cikinsu ta kwanta a asibiti a Rano. A nan ne wata ta koyi haɗa turaren wuta daga wata ƙawa da ke Kibiya, yanzu da shi take rufa wa kanta asiri. Wannan shi ne gadon 'yan zaɓi sonka, kuma shi ya kamata a riƙe.

Sai kuma batun gumi. Masu shirya fim suna samun kuɗinsu ne daga talla da yawan masu kallo a tasharsu. Duk fim ɗin da aka tura a memori, ko sisi ba ya isa hannun jarumar da muke cewa muna so. Na san tsadar data, na san wahalar sabis a karkara, amma ƙungiyar da ke iya tara kuɗin anko tana iya tara na data, a zauna wuri ɗaya a kalla a tashar masu shi. So na gaskiya a aikace ake ganinsa.

Don haka, ƙannena da 'ya'yana masu riƙe da waɗannan zauruka, ku kafa doka tun daga ƙofa: ba zagi, ba yaɗa jita-jita, ba kushe wata jaruma don a ɗaga wata. Ku yi muhawara a kan labari da iya wasa, ku yaba inda aka yi daidai, ku yi gyara inda aka kauce wa tarbiyya. Ku bar wa jaruma rayuwarta, ku yi mata addu'ar gamawa lafiya, ku kuma riƙe zumuncin da ke tsakaninku, domin shiri zai ƙare wata rana, amma maƙwabciyarki tana nan. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma kare mana harsunanmu.