Barandar da Aka Huda a Jikin Jirgi Ta Fi Ta Gilashi

Manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa sun fara daina kama da jirgi. Baranda ce a kan baranda, jere bisa jere, kowace da shingen gilashi, tun daga tsakiyar jirgin har ƙololuwarsa. Abin ya kankama ne bayan fitowar Royal Princess a 1984, jirgin da ya zo da ɗakuna masu baranda da yawa a lokacin da hakan bai zama ruwan dare ba. Da kamfanoni suka ga fasinja ba ya jin ƙyashin ƙara kuɗi muddin zai buɗe ƙofa ya sha iskar teku shi kaɗai, sai kowa ya bi sahu. A 2018 jirgin Celebrity Edge ya ma shigar da barandar cikin ɗaki, ya bar mata wata babbar tagar gilashi da ake saukewa da maɓalli.

Ni dai a ganina, a wannan tsere an yi watsi da barandar da ta fi dacewa da teku, wato wadda ake hudawa a jikin ƙarfen jirgin kansa. Mai son ganinta ya dubi Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, wanda aka ƙera a Saint-Nazaire ta ƙasar Faransa, ya kuma fara aiki a 2004. Injiniyan da ya tsara shi, Stephen Payne, ya yi shi ne domin ratsa arewacin tekun Atlantika tsakanin Southampton da New York, tafiyar kwana bakwai, har a watannin hunturu. Irin wannan teku ba ya wasa da gilashi in an sa shi ƙasa ƙasa, alhali kamfanin yana buƙatar ɗakuna masu baranda domin ya mai da kuɗinsa. Sai aka yi dabara: a hawa na 4 da na 5 da na 6 aka bar barandar a cikin gangar jikin jirgin, ƙarfe sama, ƙarfe ƙasa, ƙarfe dama da hagu, aka yanke wata faffaɗar kafa marar gilashi da ke kallon ruwa.

Amfaninta na farko kariya ce daga iska. Jirgin da ke gudun kusan kilomita 40 a awa yana haifar da tasa iskar, ga kuma wadda teku ke busowa. Wanda ya biya kuɗin baranda a can sama yakan leƙa, sanyi ya dake shi, ya koma ciki ya rufe ƙofa. Na cikin ƙarfe kuwa yana zaune abinsa da shayi, iskar tana wucewa ta waje, yayyafi bai cika samunsa ba. Ga shi kusa da ruwa: yana jin ƙarar taguwa tana bugun jirgi, wani lokaci har feshin gishiri ya sauka a kan kujerarsa. Kuma ɗakunan da ke ƙasa, musamman na tsakiya, sun fi na sama sauƙin tangaɗi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda teku ke tayar wa da zuciya.

Sai maganar sirri, wadda ta fi komai burge ni. Na sama ba ya hango ka, na gefe ba ya leƙo ka. Barandar tana yi wa ɗakin aikin da zaure ke yi wa gida, kana shan iskar waje amma idon jama'a bai kai gare ka ba. Mai tafiya da iyali ya san darajar wannan.

Ba na musun cewa tana da nata naƙasu. In ka zauna, bangon ƙarfen yana tare maka ruwan, sararin sama kawai za ka gani, sai ka miƙe ka jingina kafin ka ga teku. Haske ma bai kai na ɗakin gilashi ba. Wanda zai zaga tsibiran Karibiyan ko Bahar Rum da niyyar shan hantsi yana da hujjar zaɓar gilashi. Sai dai ko a can ɗin akwai masu neman barandar ƙarfen. Jirgin Carnival Dream, da ya fito a 2009, yana da irin waɗannan barandu a hawa na 2, har da ƙofar ƙarfe da ma'aikata ke rufewa in teku ya yi fushi.

Abin da ke damuna shi ne yadda hoton talla ya zama shi ke tsara jirgi. Gilashi yana kyau a hoto, ramin ƙarfe ba ya kyau, don haka masu ƙira suke ta hawa sama suna nisanta fasinja da ruwan da ya biya kuɗi ya zo gani. Idan Allah ya nufe ka da ratsa Atlantika, kada ka ruɗu da tsayin bene. Ka tambayi ɗaki mai baranda a cikin jikin jirgi, kusa da tsakiya, domin ita ce za ka iya zama a cikinta kowace rana ta tafiyar.