Masu Bin Sawun Ruwa: Gwanayen Gyaran Lungu a Dutsen Abba

Lungun da faɗinsa bai wuce mita uku ba, gireda ba ta shiga cikinsa. Rola ma haka. Tifa kuwa sai dai ta juye yashi a bakin titi, a bi shi da baro da kwanon sarki. Shi ya sa lungunanmu, tun daga tsofaffin layukan Tudun Wada har zuwa gidajen da ke ta cin gonaki a mazaɓar Dutsen Abba, ba sa shiga lissafin manyan 'yan kwangila: ribar kaɗan ce, ciwon kan da yawa. Aikin yakan faɗa hannun mutanen da ba a rubuta sunansu a allon kwangila, wato tsohon birkilan unguwa, ko foman na sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ko wani matashi da ya fito daga kwalejin Nuhu Bamalli ya koyi sauran a bakin aiki. A cikinsu akwai gwanaye na gaske, kuma abin da suka iya ya cancanci a tsaya a dube shi.

Bisa doka, lungu haƙƙin ƙaramar hukuma ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa gina tituna da magudanan ruwa da fitilun hanya, da kula da su, cikin ayyukan majalisarta, har da raɗa wa layuka suna da sa wa gidaje lamba. Ƙaramar hukumar Zariya tana da mazaɓu 13, Dutsen Abba ɗaya ce daga ciki, kuma kowane kansila yana da jerin lungunan da jama'a suka dame shi a kansu. Shirin sabunta birane da gwamnatin jihar Kaduna ta ƙaddamar a 2019 ya gyara manyan tituna a Zariya, amma mazaunin lungu har yanzu sai ya naɗe ƙafar wando kafin ya kai ga sabuwar kwaltar. To da ɗan abin da ke hannu, me za a yi wa lungun? A nan ne gwani ke da bakin magana.

Abu na farko da za ka lura da shi, ba ya fara zancen abin da za a shimfiɗa. Jama'a na cewa a sa kwalta, shi kuwa tambayarsa ita ce ina ruwa yake bi. In da hali, cikin watan Agusta yake zuwa, ana tsakar sheƙa ruwa, ya tsaya a wani zaure yana kallo. Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 30, zai zubo da lita 3,000, jarka 120 ke nan ta 'yan garuwa. Ka ninka wannan da gidaje 40 da indararonsu ke kallon lungu ɗaya, ka ga abin da 'yar hanyar take ɗauka cikin awa guda. Ƙafa da babur ba su suke cinye lungu ba, wannan ruwan ne.

In kuwa da rani aka kira shi, sai ya karanta abin da damina ta bari. Yana bin bango yana duban tabon da ruwa ya yi, ya ga iyakar inda ya kai. Yana duban gindin katangar ƙasa, inda ya zaizaye ya yi kogo. Inda yashi da leda suka taru, nan ruwa ke rage gudu. Inda ƙasa ta tsage ta yi kwari, nan yake da ƙarfi. Sannan ya tambayi waɗanda suka fi kowa sani, mai tura kurar ruwa da ya san ramin da ke kama masa taya, da tsohuwar da ke kwashe ruwa daga tsakar gidanta da daddare.

Kayan awonsa ba su taka kara sun karya ba: tiyo fari mai tsawo da aka cika da ruwa, da igiya, da fegi, da guntun alli. Shi yana riƙe da baki ɗaya, yaronsa yana can gaba da ɗayan. Ruwan da ke cikin tiyon yakan tsaya daidai wa daida a bakin biyu, ko da akwai kwana a tsakaninsu, don haka kowa ya ja alama a bango inda ruwan ya tsaya. Kafin a fara sai ya bi tiyon yana ɗan bubbuga shi don kumfar iska ta fita, domin kumfa ɗaya tana iya ɓata awon duka. Daga waɗannan alamu yake auna zuwa ƙasa, ya san tudu da gangaren lungun gaba ɗaya. Abin da yake nema shi ne gangare na kamar santimita ɗaya a kowace mita, wanda ido ba ya gani amma ruwa ya san da shi. Kuma daga ƙasa yake farawa, daga inda ruwan zai fita ya faɗa babban lambatu ko kwalbati, ya riƙa hawowa. Wanda bai iya ba yakan fara daga ƙofar mai faɗa a ji na layin, ya yi ta gina kwata mai kyau har ya iso ƙarshe ya tarar bakinta ya fi babban lambatun zurfi. Kwatar nan ta zama tafkin sauro ke nan.

Akwai wani awo da yake yi wanda a ganina shi ne ya fi nuna hankalinsa: tsayin dokin ƙofar kowane gida. Al'adarmu in lungu ya yi taɓo sai a haɗa kuɗi a kawo tifar marmara a baza. Baɗi a ƙara. Bayan shekaru lungu ya hau, zaure ya koma rami, ruwa ya daina bin hanya ya riƙa shiga ɗakuna. Gwani yana neman dokin ƙofar da ya fi kowanne ƙasa, ya ce saman aikin ba zai kai nan ba. Sau da yawa wannan na nufin kafin a zuba komai sai an haƙe an kwashe ƙasar da aka yi shekaru ana saye. Mutane ba sa son jin haka, amma bayan ruwan farko sukan daina gardama.

Sai maganar inda kwata za ta zauna. A babban titi ana yin lambatu biyu, hagu da dama. A lungun mita uku, in ka cire lambatu biyu da kaurin bangonsu, abin da ya rage ko keke napep ba zai wuce ba, ga kuma haƙa a jikin harsashin gidajen mutane. Don haka yakan zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko dai kwata guda a gefe ɗaya, a rufe ta da murfin kankare da ake iya ɗagawa a yashe, a taka a wuce ta kai. Ko kuma ya karkato da gefen biyu zuwa tsakiya, lungun da kansa ya zama magudana, ruwa ya bi tsakiya ya bar gindin bango. Wannan na biyun ya fi arha kuma ba ya toshewa a ɓoye, sai dai yana da sharaɗi: ruwan wanka da na wanke-wanke dole a ba shi bututunsa daban, in ba haka ba tsakiyar lungun ba za ta bushe ba ko da rani.

Bayan duk wannan ne ake zuwa ga abin da za a shimfiɗa. Marmara ita ce mafi sauƙin kuɗi, kuma in an zuba ta kashi-kashi, kowane kashi bai wuce santimita 15 ba, ana yayyafa ruwa ana daddaɓewa, tana yin 'yan shekaru. Amma da rani ƙura, kuma kowace shekara tana neman gyara. Kwalta ba ta lungu ba ce, don injinanta ba sa shiga, kuma ruwan sabulu da ke kwanciya yana cinye ta. Kankare yana da ƙarfi, sai dai ranar da bututun famfo ya fashe a ƙarƙashinsa, sai an farfasa shi, facin kuma ba ya komawa daidai. Shi ya sa yawancin gwanaye suka fi karkata ga bulon intalok: ana iya buga shi a unguwa, a kai shi da baro, a shimfiɗa da hannu, in buƙata ta taso a ɗaga a mayar.

Kallon mai shimfiɗa intalok da ya ƙware abin sha'awa ne. Bulon da kowa ke yabawa shi ne ƙarshen aikin. Ƙarfin yana ƙasa, a daɓen da aka yi wa marmara ko tsakuwa. A kan daɓen yake baza yashi mai kaifi, kaurin yatsu biyu, ya kwantar da bututu biyu ya ja katako a kansu ya share, daga nan kuma ba mai taka wurin, ko shi kansa. A kan bulon da ya riga ya jera yake durƙusawa yana ci gaba. Gefe da gefe ya riga ya kafa dogarin kankare, domin intalok da ba shi da abin tokarewa a gefe, watsewa yake yi. Inda mutane da babura kaɗai ke bi, bulo mai kaurin santimita 6 ya isa; inda mota ke shiga sai mai 8, a jera shi a sarƙe yadda taya ba za ta ture layi ba. A ƙarshe ya watsa busasshen yashi mai laushi, yara su bi da tsintsiya har ya cika tsakanin bulo, a bi da injin daɓe. Wannan yashin na tsakani shi ke ɗaure bulon da juna. In ka ga intalok yana rawa bayan damina ɗaya, ko dai an yi rowar siminti wajen buga shi, ko an yi gaggawar daɓe.

Rabin gwanintar kuma a baki take. Lungu ba haka kawai ya ƙuntata ba: wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa sokawe a waje, wani ya ƙara shago. Hukuma tana da ikon faɗaɗa hanya, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba da damar karɓar fili don amfanin jama'a a biya diyyar gini, ga kuma hukumar KASUPDA da ke kula da tsarin gine-gine. Amma rusau yana da tsada, yana kuma barin gaba da ba ta ƙarewa, don haka gwani ba ya kiran sunansa. Yakan zo ne tare da mai unguwa bayan la'asar, a zauna a kan dakalin da ake magana a kansa.

“Baba, ba duka za mu taɓa ba. Taƙi biyu kawai muke roƙo, don kwata ta miƙe.”

“Malam, dakalin nan tun na mahaifina ne.”

“Allah ya jiƙansa. Ai shi ya sa za mu sake gyara maka shi da siminti. Amma ka duba, Baba, in an ɗauko makara daga ciki, mutum biyu ba sa jerawa a nan.”

Da wuya dattijo ya ja bayan an ambaci makara. Ita ce ma'aunin faɗin lungu da kowa ya yarda da shi, sai kuma motar da za ta ɗauki mai naƙuda da tsakar dare.

Wannan tsari ba mu kaɗai muka gano shi ba. A unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, Akhtar Hameed Khan ya fara wani shiri a 1980 wanda ya ɗauki lungu a matsayin tushen aiki: mazauna kowane layi su zaɓi shugabansu, su haɗa kuɗi su shimfiɗa bututun ƙazantar layinsu bisa awon da masana suka yi musu, hukuma kuma ta ɗauki nauyin babbar magudanar da layukan ke zubawa. A Jakarta tun 1969 aka fara gyaran unguwannin talakawa ta hanyar shimfiɗa ƙananan hanyoyi da kwatoci ba tare da tashin mutane ba. Kusa da mu, Kanawa sun san shirin Lungu Kal-kal na shimfiɗa bulo a lunguna, wanda ya je Yamai kuma ya taka titunan bulo. Mu da muke da aikin gayya tun kaka da kakanni, rabon aikin ba baƙo ba ne: ƙaramar hukuma ta kawo mai awo da siminti da bulo, ta gina kwalbati da babban lambatu, unguwa ta kawo hannu da ruwa da mai gadin kaya.

Inda muka fi rauni shi ne bayan an yanke kyalle an watse. Gwani kan bar wa kwamitin layi bulo kamar ɗari a ajiye, ya nuna wa samari biyu yadda ake ɗaga wuri a mayar. Yakan ce a yashe kwata a watan Afrilu kafin ruwan farko, a sake yashewa a tsakiyar damina, kuma abin da aka yaso a kwashe shi a ranar, don in an bar shi a bakin kwata ruwan dare ɗaya zai mayar da shi. Yakan roƙi a kafa turke a bakin lungu don hana tifa shiga. A nan hukuma take da aikin da ba wanda zai yi mata: motar kwashe abin da aka yaso, da ƙa'idar cewa duk wanda ya haƙa lungu don jan ruwa shi zai mayar da shi yadda yake, da ɗan kason kuɗin gyara a kasafin kowace shekara.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ko nawa ne ya iso Zariya, ciyaman yana da zaɓi tsakanin titi guda na kwalta da za a ɗauki hotonsa da lunguna masu yawa da aka auna da tiyo. A Kongo, nan cikin Tudun Wada, Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana horar da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Da za a samu sashen ayyuka ya tattara birkilolin Dutsen Abba da suka iya wannan awo, ya haɗa kowannensu da matasa uku ko huɗu, a ba su lungu ɗaya su fara da shi a ranin bana, da kafin saukar damina an san nawa mita ɗaya take ci.